Na yi wa nas ƙarya a takardar tambayoyi, yanzu tsoron kaina nake ji

Saƙon da ya shigo:

Anti barka da ƙoƙari, dan Allah ki sakaya sunana. Wata uku kenan da na haihu, haihuwar fari, yaron lafiyarsa ƙalau amma ni tun cikin yana wata bakwai na daina jin daɗin komai, na ɗauka nauyin ciki ne in na sauka zai wuce, bai wuce ba. Kuka nake haka kawai, yaro ya yi barci ni idona biyu ina ta leƙa shi ko yana numfashi, gabana kullum faɗuwa yake. Abin da ya fi tsorata ni, in ina masa wanka sai in ga kamar ya suɓuce min ya nutse a ruwan, har na daina yi masa sai ƙanwata ta zo. Ranar da muka je rigakafi nas ta ba ni wata takarda mai tambaya goma, duk na zaɓi amsar lafiya lau don kar a ce na haukace ko a raba ni da shi. Maigidana cewa yake me na rasa, in gode wa Allah. Magani kuma tsoronsa nake don ina shayarwa. Anti ni muguwar uwa ce?

Amsa:

A'a ƙanwata, ke ba muguwar uwa ba ce. Muguwar uwa ba ta tashi ƙarfe uku na dare tana kara yatsa a hancin yaro ta ji ko iska na fita. Wannan ki ajiye shi gefe mu yi maganar da ta kawo mu, domin ni abin da ya tsaya min a saƙonki takardar nan ce da kika cike da ƙarya. Ban ga laifinki ba wallahi, na san tsoron, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ina so ki koma asibitin nan cikin satin nan ki ce a sake ba ki ita.

Bari in faɗa miki mece ce takardar don tsoron ya ragu. Tunda kin ce tambaya goma ce, kusan tabbas wadda ake kira ma'aunin Edinbara ce, sunan wani birni a Sikotilan. A 1987 wani likitan ƙwaƙwalwa John Cox da abokan aikinsa suka fitar da ita, yanzu an fassara ta zuwa harsuna da yawa ana amfani da ita ko'ina a duniya, ga masu ciki da masu jego duka. Kwana bakwai da suka wuce kaɗai take tambaya, kina iya dariya kamar da, kina ɗokin wani abu, kina ɗora wa kanki laifi ba gaira ba dalili, kina firgita, abubuwa sun miki yawa, baƙin ciki na hana ki barci, kina kuka. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, duka-duka 30. In mace ta kai 10 ana sa mata ido a ƙara tambayarta, in ta kai 13 ko sama da haka akwai alamar ciwon damuwa sosai. Abin da ya burge ni da masu tsara ta shi ne ba su tambayi gajiya ko cin abinci ba, don sun san duk mai jego a gajiye take, da sun tambayi wannan kowa sai ta faɗi. Kuma ki tuna da kyau, ko ɗaya a cikin goman nan babu wadda ta tambaya ke uwa ta gari ce ko a'a. Ba jarrabawa ba ce, kamar awon jini take, nas ta ga lamba ta yi sama sai ta ce zo ki ga likita, shi ne zai zauna da ke ya sa wa abin suna.

Toh me ke damunki? Yawancin mata, wajen takwas cikin goma ma ana cewa, suna shiga wata 'yar rikicewa kwana biyu zuwa biyar bayan haihuwa, kuka da saurin fushi da jin komai ya yi yawa. Dalili kuwa, lokacin ciki wasu sinadaran homon biyu, istrojin da furojestaron, suna hawa sama sosai, da zarar mabiyiya ta fita sai su zube ƙasa cikin 'yan kwanaki, ga rashin barci ga ciwon jiki. Wannan da kansa yake wucewa kafin sati biyu. Naki ba shi ba ne. Naki tun kafin haihuwa ya fara, ga shi wata uku bayanta yana nan daram, ya shiga barcinki ya shiga tsakaninki da wankan ɗanki. Irin wannan shi ne likitoci ke kira ciwon damuwa na lokacin ciki da bayan haihuwa, kuma naki ya haɗo da fargaba, su biyun dama kusan tare suke tafiya kamar Hassan da Husaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 10 cikin 100 na masu ciki da kashi 13 na waɗanda suka haihu suna fama da irin wannan, a ƙasashe masu tasowa ma ya fi haka, kusan 16 da kusan 20. Wato ranar da kika je rigakafin nan, in ku ashirin ne a layi, wataƙila akwai uku ko huɗu da ke ɗauke da irin kayanki, kowacce ta gyara fuska tana jijjiga ɗanta.

Ni ma na zauna a layin nan. A haihuwata ta biyu na yi watanni ina shiga banɗaki in buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufe kukana, in zauna a ƙasa in yi mai isata, in wanke fuska in fito ina ce wa mutane lafiya lau. Ban san yana da suna ba lokacin, na ɗauka raggon hali ne irin nawa. Shi ya sa in na ga saƙo irin naki ba na iya wuce shi.

Yanzu maganar hoton nan da ke faɗo miki lokacin wanka, ki nutsu ki karanta nan sau biyu. Irin wannan mummunan tunani da ke kutsowa ba a gayyace shi ba ya zama ruwan dare ga sabbin iyaye, har maza. Wata za ta ga kamar yaron ya faɗi daga hannunta a matakala, wata ta ga wuƙa sai gabanta ya yanke ta ɓoye wuƙar, wata ta ga kamar ta danne shi cikin barci. Ƙwaƙwalwar da aka ba wa amanar ɗan mitsitsin rai ce ta zama mai gadi, take ta hasko duk hanyar da haɗari zai iya biyowa, in fargaba ta yi yawa sai mai gadin ya zarce ya dinga busa usur ba dare ba rana. Abin lura shi ne yadda kika ji da tunanin. Ya firgita ki, kin tsane shi, har kin guji ruwan don ki kare yaron. Likitocin da suka san aikinsu sun san uwar da tunanin ke tayar wa hankali haka ba wadda ake tsoron za ta cutar da ɗanta ba ce, sun ji irin labarin nan ba adadi, ba za ki faɗa musu sabon abu ba.

Sai dai gudun da kike yi wa wankan shi ke ƙara wa tsoron ƙiba. Duk ranar da kika miƙa wa ƙanwarki yaron kika ji sanyi a ranki, ƙwaƙwalwarki sai ta rubuta cewa ashe da gaske akwai haɗari, gobe tsoron ya dawo ya fi na jiya. Don haka kar ki ce ta daina zuwa, ta zo, amma ta tsaya a gefenki ke ki yi. Ruwa kaɗan, hannunki ɗaya a ƙarƙashin wuyansa, ita tana riƙe da tawul tana miki hira. Tunanin zai zo, ki bar shi ya zo, kar ki tsaya kokawa da shi, ki ci gaba da cuɗa bayan ɗanki har ki gama. In yau ƙafafu kaɗai kika iya wankewa ta ƙarasa, ya yi. Masu jinyar fargaba da irin wannan dabarar suke aiki, sannu-sannu, kuma za su tsara miki ita fiye da yadda zan iya a nan.

Akwai wani ciwon daban da dole in ambata, ba don na ga alamarsa a saƙonki ba sai don masu karatu da dangin masu jego. Shi wannan ba shi da yawa, mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, kuma galibi cikin sati biyun farko yake bugowa ba zato. Mace ta dinga jin muryoyi ko ganin abin da babu, ta yi kwanaki ba barci kuma ba ta jin gajiya, magana ba kan gado, ta rikice ta kasa gane inda take, ko ta yarda ɗari bisa ɗari cewa yaron ba nata ba ne ko an umarce ta ta yi masa wani abu. Bambancin a fili yake, ita ba ta jin tunanin a matsayin baƙon abu mai ban tsoro, gaskiya take ɗaukarsa. Wannan asibiti ake kai shi a ranar, ba a jira gari ya waye, ba a barinta ita kaɗai da yaro, kuma ana warkewa in an yi sauri.

Sannan tambaya ta goma a takardar nan, ita ce mai cewa ko tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki. Ba ki faɗa min ba, ni kuma zan tambaye ki kai tsaye, kin taɓa jin gara ki mutu, ko yaron da babansa sun fi samun sauƙi in ba kya nan? In amsar e ce, ko sau ɗaya ne, to maganar cikin satin nan ta tashi, yau za ki faɗa wa ƙanwarki ko maigidan a kai ki asibiti, sashen gaggawa ma in ya kama. Wannan tunanin ciwon ne ke magana da bakinki, kuma yana tafiya in an yi magani.

Batun a raba ki da ɗanki kuwa, masu jinyar irin wannan ciwo burinsu ki warke yaronki na hannunki, don sun san shaƙuwarku wani ɓangare ne na maganin. Kusan duk masu ciwon damuwa bayan haihuwa a gida suke shan maganinsu suna zuwa ganin likita. Ko waɗanda abin ya yi tsanani har aka kwantar, a ƙasashe irin su Ingila akwai ɗakuna na musamman da ake kwantar da uwa tare da jaririnta don kar a raba su.

In kin koma, ki roƙa a duba jininki ma. Ƙarancin jini bayan haihuwa yana kawo kasala da bugun zuciya da jiri, sannan akwai wata ƙwaya a gaban wuya da ake kira tayiroid, wadda in ta kumbura take zama maƙoƙo, wasu matan takan rikice musu cikin shekarar farko bayan haihuwa ta kawo faɗuwar gaba da rashin barci ko kuma mutuwar jiki da ƙunci. Gwaji ne mai sauƙi, kuma in akwai su ana gyara su tare da sauran.

Magani iri biyu ne, kuma ba lallai a fara da ƙwaya ba. In ciwon bai yi nisa ba ana farawa da zaman tattaunawa da wanda aka horar, ba irin hirar yi haƙuri kowa da haka ya saba ba, zama ne mai tsari, sati-sati, ana koya miki kama tunanin da ke cewa na gaza ki juya shi ki duba ko gaskiya ne, ana mayar da ke kan ƙananan abubuwan da kika watsar. Kar ki raina shi. An gwada irinsa a ƙauyukan yankin Rawalpindi na Pakistan, aka buga sakamakon a 2008, kuma ba manyan likitoci suka yi aikin ba, ma'aikatan lafiya mata ne masu bi gida-gida aka koya musu. Bayan wata shida da haihuwa, cikin matan da aka yi wa zaman kashi 23 ne suka rage da ciwon, waɗanda ba a yi musu irinsa ba kuwa kashi 53. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015.

In kuma likita ya ga sai an haɗa da ƙwaya, toh ga maganar nono da kike tsoro. Akwai magungunan damuwa da aka daɗe ana ba masu shayarwa, wanda aka fi farawa da shi sunansa sertraline, saboda abin da ke tsallakawa cikin nono kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa in an auna jinin jaririn ma da ƙyar ake ganinsa. Ba sai kin yaye shi ba. Abin da nake so ki sani tun yanzu don kar ki yi fushi ki watsar, ba ya aiki kamar maganin ciwon kai. Sai an yi sati biyu zuwa huɗu kafin ki fara jin sauƙi, cikakken aikinsa yakan kai sati shida zuwa takwas, kuma kwanakin farko wasu suna jin tashin zuciya ko ciwon kai ko ma fargabar ta ɗan ƙaru kafin ta lafa. In kin ji sauƙi kuma ba a ajiye shi nan take, akan ci gaba aƙalla wata shida, sannan likita ya dinga rage shi a hankali, yanke shi rana ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon. Kafin a rubuta miki, ki faɗa masa in ke ko wani a danginku ya taɓa yin ciwon nan mai hawa da sauka, mutum ya yi kwanaki cikin zumuɗi da surutu ba barci sannan ya faɗa ƙunci, domin shi maganinsa daban ne. Kuma dan Allah kar ki karɓi maganin barci a hannun wata ko ki saya da kanki, wasunsu suna sa jariri kasala ta nono, ke ma su yi miki nauyin da ba za ki ji kukansa ba. A Amurka a 2023 an amince da wata sabuwar ƙwaya, zuranolone, ta kwana 14 kacal musamman don wannan ciwon, na faɗa ne kawai don ki ga yadda duniya ta ɗauki abin da muhimmanci, tsofaffin magungunan ma suna aiki.

Wata magana a saƙonki ta sa ni cizon yatsa, inda kika ce tun ciki na wata bakwai. Kusan rabin abin da ake kira damuwar bayan haihuwa tun cikin ciki yake farawa, sai a yi ta jingina shi ga laulayi da nauyin jiki. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce a dinga yin tambayoyin nan tun zuwan farko awo, a sake in ciki ya tsufa, a sake bayan haihuwa, likitocin yara na can kuma suka ce a tambayi uwa in ta kawo yaro yana wata 1 da 2 da 4 da 6. Masu ciki da ke karanta wannan, in ba a tambaye ku a wajen awo ba ku ku faɗa, damuwar da aka bari ba magani tana da alaƙa da haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi, don haka shiru ba shi ne kare yaro ba. Wadda kuma take kan maganin damuwa ta ga ciki ya shiga, kar ta yar da shi da kanta, ta je a duba, akwai waɗanda ake ci gaba da su, akwai waɗanda ake canzawa, akwai irin valproate, maganin ciwon nan mai hawa da sauka, da ake gujewa don yana illa ga ɗan tayi. Ke ma ƙanwata, duk ranar da Allah ya kawo wani cikin, ranar farko ta awo ki ce na taɓa yin wannan ciwon, domin wadda ta taɓa yi ta fi kusa da sake yi, kuma in an sani da wuri ana tare shi.

Saura maigida. Ban ɗauke shi mugu ba, mutum ne da ya ga matarsa na kuka ya rasa abin yi sai ya kama abin da ya iya faɗa. Ki miƙa masa wayar ya karanta nan. Malam, matarka ba butulci take yi ba, mai ciwon suga ba a ce masa ya rasa godiya, a kai shi asibiti ake yi yana godiyarsa yana shan maganinsa. Addu'a ku ci gaba da ita, ta tafi tare da magani. Abin da za ka yi mata da ya fi kowace nasiha shi ne barci, ka samar mata awa huɗu zuwa biyar a jere kowane dare, ta shayar da shi ta ba ka, ka fita da shi wani ɗakin, in ya yi kuka ka jijjiga ka canza masa, in yunwa ce ka kawo shi ya sha ka sake ɗauke shi ba tare da ta tashi zaune tana lallashi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka raka ta asibitin kuma, in ta fara magana ka yi shiru ka bar ta ta faɗa da bakinta, kar ka ce ai ba komai. Kai ma in kana jin ƙunci da saurin fushi tun da aka haihu ka faɗa, wajen uba 1 cikin 10 yana shiga irin wannan.

Na san abin da zai faru ranar, za ki shiga ki ga fuskar nas bakinki ya yi nauyi ki ce rigakafi kika zo tambaya. Don haka daren yau ki rubuta a wayarki ko a 'yar takarda, layi huɗu sun isa. Takardar da na cike rannan ban faɗi gaskiya ba ina so in sake. Tun cikina na wata bakwai nake cikin ƙunci da faɗuwar gaba. Ba na barci ko yaro ya yi barci. Munanan tunani na zo min a kan yaron suna tsorata ni har na daina yi masa wanka. In kin kasa karantawa ki miƙa mata ta karanta da kanta. In kika haɗu da wadda ta yi miki dariya ko ta ce duk mai jego haka take, kar ki koma gida, ki ce likita kike son gani. Ki tafi da ƙanwar taki ta riƙe miki yaron, in kun dawo ki turo min makin da kika samu da abin da likitan ya ce.